Kabad ɗin Pac-Man da ya ƙi tashi: kundin gyara

Asabar, 1 ga Maris, 2025

Abin da ke gabana kabad ne na Pac-Man, wasan bidiyo da ake jefa wa kuɗi, irin na tsaye, wanda kamfanin Midway ya ƙera a Amurka bayan ya karɓi lasisin wasan daga Namco ta Japan a 1980. An soka fulogi, an murɗa makunni, shiru kake ji. Fitilar goshi, mai haska sunan wasan a sama, ba ta kama ba, taransifoma ba ta yi gurnani ba, wuyan kwalbar talabijin bai yi ja ba, lasifika ko tari ba ta yi ba.

Irin wannan mutuwar gaba ɗaya ta fi mini daɗin bincike a kan injin da ke tashi yana faɗuwa. Fitila da talabijin da bod ɗin wasa kowanne da hanyar wutarsa da zarar an wuce gindin kabad. Idan ukun suka yi tsit lokaci guda, to matsalar farko tana inda hanyarsu take ɗaya, wato tsakanin bango da taransifoma. Na ce ta farko ne saboda injin da ya haura shekara 40 da wuya ciwonsa ya zama ɗaya. Na gaba yakan ɓoye na bayansa.

Yau kallo kawai na yi, ban sake ba shi wuta ba. A gindin kabad akwai allon katako ɗauke da matatar wuta, taransifoma babba, wata taransifomar ta raba talabijin da wutar bango, da mazaunan fis. Bod ɗin wasa yana jingine a bangon gefe. Talabijin ɗin mai inci 19 ne, Electrohome G07, an kafa shi a tsaye domin hoton wasan dogo ne, ɗigo 224 a faɗi, 288 a tsawo. Na ɗauki hoton kowane mahaɗi kafin in taɓa shi, sannan na zare kanektar bod, na zare wutar talabijin. Daga yanzu ba abin da zai sha wuta sai an auna abin da ke zuwa masa.

Wayar bango ta bushe ta tsattsage, kuma wani ya karya ƙafar fulogi ta uku, ta ƙasa. Wannan ba ta bukatar gwaji, canji ne kawai.

Lahadi, 2 ga Maris

Sabuwar waya mai ƙafa uku ta shiga, na tabbatar da mita cewa koriyar wayar tana kaiwa har jikin ƙofar jefa kuɗi da ƙarfen da ke riƙe da talabijin. Duk wani ƙarfe da hannun mai wasa zai taɓa ya kamata ya haɗu da ita.

Sai makunnin ƙofar baya. Wanda bai saba da waɗannan kabad ba nan yake fara ruɗewa. Makunni ne mai ɗan sanda fari da ke da matsayi uku: idan ƙofa ta danna shi ciki, wuta ta wuce, idan an cire ƙofa ya dawo tsakiya, wuta ta yanke, idan mai gyara ya jawo shi waje da hannu, wuta ta sake wucewa don a yi aiki ƙofa a buɗe. Ƙofar wannan kabad ta sha danshi ta lanƙwashe, ba ta kai ga danna sandan yadda ya kamata. Na jawo shi waje, na auna, ɓangare ɗaya yana ba da hanya, ɗayan kuwa mita tana tsalle tsakanin om kaɗan da babu. Ciki ya yi baƙi. Na canza shi. Akwai masu ɗaure wayoyinsa su huta, ni dai ban ga dalilin cire abin da aka sa don kare hannun mutum ba alhali sabonsa ba wuyar samu.

Kafin in ba da wuta na jona kwan fitila irin na da, mai zare a ciki, a jere da wayar shiga. Idan akwai inda wayoyi suka haɗe, kwan zai haska sosai ya shanye wutar maimakon wani abu ya yi hayaƙi. Ya ɗan yi ja ya lafa. Taransifoma ta fara gurnaninta. A bakinta na sami abin da zanen wayoyin kamfani ya ce: bolt 7 sau biyu da waya a tsakiya, bolt 12 sau biyu da waya a tsakiya, kowanne ya ɗan haura tunda ba kaya a kai. Mai raba wutar talabijin ita ma tana fitarwa daidai. Fitilar goshi ta yi ta ƙifta ido ba ta kama ba. Sitata ce, ɗan abin da ke tayar da ita, ko kwan, ba gaggawa.

Laraba, 5 ga Maris

Mazaunin fis huɗu da ke tsakanin taransifoma da bod. Biyu na amfiya 5 ne a layin bolt 7, biyu na amfiya 1 a layin bolt 12. Abin da na tarar: ɗaya daga cikin na amfiya 5 an naɗe shi da takardar gwangwani, wato ya daina zama fis ya koma ƙusa. Sauran ukun lafiya lau idan an ciro su an auna a hannu. Maƙallan da ke riƙe su ne suka yi kore, suka saki, har fis na juyawa a ciki da ɗan yatsa.

A nan ne mita takan yi wa mutum daɗin baki. Idan aka auna bayan maƙalli mai tsatsa ba tare da an jona bod ba, za ta nuna bolt 7 da ɗoriya, cif kamar ba komai. Dalili kuwa mitar zamani kusan ba ta jan komai. Juriyarta ta kai om miliyan 10, don haka ko ta ƙaramar kafa wuta za ta iso mata. Bod kuwa mai ci ne. A ƙaddara yana jan amfiya 2, maƙallin kuma ya tara tsatsar rabin om kacal. Bolt 1 ke nan ya salwanta a wurin, ya koma zafin wat 2 a kan ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Zafi yana ƙara sassauta ƙarfen, sassauci yana ƙara tsatsa, tsatsa tana ƙara zafi. Ina kyautata zaton haka aka yi har wancan fis ya narke, mai gyaran da ya riga ni ya gaji ya naɗe shi.

Ban tsaya gogewa ba. Ƙarfen da ya rasa ƙarfin matsewa ba ya dawowa. Na kwance mazaunin duka na ɗaura sabo, da fis masu lambar da zanen ya ce.

Asabar, 8 ga Maris

Yau na bakin bod ne, kuma a nan nake zaton asalin ciwon yake.

Yawancin injinan da suka zo daga baya, musamman bayan JAMMA, tsarin kanekta na bai ɗaya na tsakiyar shekarun 1980 mai haƙora 56, suna da akwatin wuta daban wanda ke miƙa wa bod bolt 5 a gyare. Pac-Man ba haka yake ba. Taransifoma tana turo AC, wato wuta mai kai da komo irin ta bango, ɗanye har kan bod ta kanekta mai haƙora 44, 22 a kowace fuska. A kan bod ɗin ne dayod biyu ke miƙar da wutar, manyan kafasitoci su kwantar da ita, sannan ayisi (IC, ɗan guntun lantarki mai ƙafafu) mai daidaitawa da taransista a kan faifan sanyaya su sauko da ita bolt 5. Layin bolt 12 kuma shi ke ciyar da amfilifayar sauti.

Lissafin yana da ɗan matsi. AC na bolt 7 ƙololuwarsa ba ta kai bolt 10 ba. A cire abin da dayod ke ci, a cire faɗuwar da wutar ke yi tsakanin bugu da bugu idan kaya ya hau, abin da ya rage sama da bolt 5 ba shi da yawa. Mai daidaitawa yana bukatar wannan rarar kafin ya yi aiki. Duk bolt ɗin da aka yi asara a fis ko a kanekta daga cikinta ake cira. Da zarar ta ƙare, bolt 5 ya fara rawa, ayisoshin jerin 74LS kuwa da Z80, ƙwaƙwalwar bod ɗin, an yi su ne su zauna tsakanin 4.75 da 5.25.

Haƙoran farko na bakin bod, na ƙasa da na bolt 7, su ke ɗauke da duk wannan nauyi. A nawa sun ƙone. Biyu sun yi baƙi, ɗaya ya ɗago daga jikin bod, fiba ɗin da ke ƙarƙashinsa ya zama gawayi. Robar kanektar ta narke a daidai wurin. Tsakanin damin wayoyi da bod kuma akwai wani ƙaramin bod na tace hayaniyar rediyo da ake samu a wasu kabad ɗin. Amfaninsa a yau kaɗan ne, illarsa kuwa ya ninka yawan wuraren da ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Na cire shi na ajiye a leda da lakabi, ko wata rana wani zai so mayar da kabad ɗin yadda ya fito.

Gyaran haƙoran ya ci yini. Na kankare gawayin har na kai fiba mai tsabta, domin gawayi yana ɗaukar wuta. Na cike ramin da gam mai haɗi biyu, na bari ya bushe, na goge ya yi daidai da kaurin bod. Sannan na yanka siririn tef na jan ƙarfe daidai faɗin haƙori, na naɗo shi ta baki, na like ƙarshensa da dalma a kan hanyar asali. Dalmar a baya take, ba a inda kanekta ke kamawa ba. Masu shafe haƙori da dalma mai kauri suna buɗe bakin kanekta ne, ranar da aka sa wani bod ba zai kamu ba. Sauran haƙoran na goge su da magogin fensir da sifirit. Samfefa ba ta zuwa nan, tana cinye rufin ƙarfen.

Kanektar damin wayoyi sabuwa na sa, waya ɗaya bayan ɗaya, ina cire ta daga tsohuwa ina matse mata sabon baki ina sokawa a sabuwa kafin in taɓa ta gaba. Kuma na sa alama babba a fuskar da ke kallon kayan bod. Kanektar nan tana iya shiga a juye, idan kuwa ta shiga, bolt 12 zai faɗa inda ake jiran bolt 7.

Akwai hanyoyi biyu na gajarce duk wannan, na san su. Ɗaya a like wayoyin wuta kai tsaye a jikin bod a tsallake kanekta. Yana aiki, amma daga ranar bod ya zama fursunan kabad. Ɗayar a sa akwatin wuta na zamani a watsar da taransifoma. Ita ma tana aiki, sai dai idan bakin bod a ƙone yake, sabon akwati ta cikin ƙonannen bakin zai bi. An gudu ba a tsira ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Bod ya sha wuta, talabijin a cire. A ƙafar ayisi mafi nisa daga mai daidaitawa na sami bolt 4.8, da na juya mita zuwa AC kuma ta nuna akwai sauran rawa a kan layin. Manyan kafasitocin na 10,000 µF na asali ne, ɗaya ta fara kumbura a gindi. Na canza su, na sake dalmar dayod biyun da zafi ya dafa. Yanzu bolt 5.0, rawar ta kwanta.

Na gwada wasan makafi: a taɓa makunnin kuɗi, a danna farawa, a saurara. Bod mai lafiya zai yi kiɗan buɗewa ko ba hoto. Ban ji komai ba sai ɗan huci a lasifika, wanda aƙalla ya nuna amfilifaya na raye. Tsugune ba ta ƙare ba.

Asabar, 15 ga Maris

Talabijin. Kafin komai, abin da ba a wasa da shi: kwalbar nan tana aiki da wutar da ta haura bolt 20,000, kuma gilashinta da rufin da ke ciki da waje kafasita ne da kansa, yana riƙe caji bayan an kashe. Fulogi a zare, waya mai maƙalli ɗaya a jikin ƙarfen shasi, wato allon kayan wutar talabijin, ɗaya a jikin sukudireba mai mariƙin roba, hannu ɗaya a baya, a zura bakin ƙarƙashin kofin roba har ya taɓa ƙarfen ciki. A dakata a maimaita, domin cajin yakan ɗan dawo. Wuyan kwalbar kuma siriri ne, ciki ba iska, ba ya son ko gwiwar hannu ta goge shi. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi wanda ya iya ya tsaya a kansa.

G07 tana da fis biyu a kan shasi. F902 na shigar wuta lafiyarsa ƙalau. F901 ya yanke. Wannan yana da tarko: idan F901 ya yanke, babbar kafasitar tace wuta ba ta da inda za ta zubar da cajinta, sai ta zauna da bolt sama da 100 tana jiran yatsa. Na auna ta, da sauranta kuwa. Na sauke ta ta cikin rizista kafin in juya shasin.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka ban sa sabon fis na kunna ba. Taransistar da ke tura layin kwance, 2SD870, na auna ta daga jikinta zuwa ƙarfen shasi: wuta na wucewa ta kowace fuska, ta haɗe. Mai lafiya tana nuna dayod ta fuska ɗaya ne kawai, don akwai dayod a cikinta. Ita ma ba ta mutu haka kawai ba. Fulaibak, taransifomar da ke haɗa babbar wutar kwalba, tana da tsaga a jiki da wani baƙin abu da ya tsatso ya daskare. Jerin ya fito: shekaru suka fasa rufin fulaibak, ta ja taransista, taransista ta ja fis. Wanda ya canza fis kaɗai zai ƙona wani fis. Wanda ya canza fis da taransista zai ƙona duka biyun.

Na yi odar fulaibak, taransista, fis, da cikakken jerin kafasitocin shasin. Murɗaɗɗiyar wayar daidaita faɗin hoto ma robarta ta yi ƙamas, na haɗa da ita.

Wani abu game da taransifomar raba wuta da na ambata ranar farko. Shasin G07 yana miƙar da wutar da aka ba shi kai tsaye, ba shi da taransifomar kansa. Idan aka jona shi da bango ba tare da mai rabawa ba, ƙarfen shasin yana iya ɗaukar wutar bango, kuma ana jona wayar hoto daga bod sai a ji ƙara. Ko a kan tebur ake gwaji, sai da ita.

Fuskar kwalbar tana da tabon wasan: ko a kashe ana ganin inuwar layukan gidan da wurin maki. Shekarun da ta yi tana nuna hoto guda ne suka ci sinadarin hasken. Ba ya gyaruwa, kuma bayan gilashin kabad mai duhu da wuya a lura.

Alhamis, 20 ga Maris

Kayan talabijin ba su iso ba, na koma kan bod da alƙalamin gwaji mai nuna sama, ƙasa, ko bugu.

Z80 tana mazaunin 6B, wato lambar wurinta a kan bod. Ƙafa ta 11 bolt 5, ta 29 ƙasa, duka daidai. Ƙafa ta 6 agogo ce, tana bugu. Kiristal ɗin bod 18.432 MHz ne, a raba shi uku a sami 6.144 na ɗigon hoto, a raba shi shida a sami 3.072 na Z80. Agogo na nan, ke nan sarƙar rabawa tana raye. Ƙafa ta 26 ce ta ba da labari. Ita ce riset, mai mayar da Z80 farko, ya kamata ta yi ƙasa na ɗan lokaci idan an kunna, sannan ta hau ta zauna. Tawa tana bugu a kai a kai, wajen sau huɗu a daƙiƙa.

Aikin mai gadi ne. A 9C akwai ayisi mai ƙirga, 74LS161, yana ƙirga duk hoton da bod ya gama zanawa. Manhajar wasan idan tana tafiya daidai takan share ƙirgar kafin ta cika. Idan manhaja ta ɓata hanya ba ta share ba, ƙirga ta kai 16, sai ya ja riset a sake daga farko. Bod yana zana hoto kusan 60.6 a daƙiƙa, a raba da 16, ga bugu huɗun da nake gani. An sa shi ne don injin da ke tsaye a wurin kasuwanci ba mai kula, in ya sarƙe ya tashi da kansa.

Ana iya toshe bakin mai gadin, wasu ma nan suke tsayawa su ce sun gyara. Amma ba shi ne mara lafiya ba, rahoto yake kawowa: Z80 tana tashi, tana neman umarni, abin da take karantowa shirme ne. Ko ROM mai riƙe manhaja, ko RAM mai ajiyar wucin gadi, ko hanyar da ke tsakaninsu. Da hoto zai fi sauƙi. Na kuma duba ƙananan makunnai takwas na saiti, domin na 8 idan yana kunne yakan daskarar da hoto, na 7 kuma na tsallake matakai ne. Duka a kashe suke.

Lahadi, 23 ga Maris

Shasi ya koma. Fulaibak sabuwa, taransista sabuwa da takardar rufinta da man sanyaya, kafasitoci duka, kowace na duba fuskarta da wadda na cire da kuma zanen kafin dalma. Ƙafafun mahaɗan hoto da na wayoyin wuyan kwalba duk sun yi zobe a dalmarsu, na sake su. Da kwan fitila a jere na fara kunnawa, sannan kai tsaye. Ƙarar tashin babbar wuta, wuya ya yi ja, gashin hannu ya miƙe kusa da gilashi. Babban layin wutar shasin na daidaita shi a bolt 120 kamar yadda ake so.

Hoto ya zo, kuma shi ne abin da ƙafa ta 26 ta yi alkawari: haruffa da lambobi da gutsattsarin zane a warwatse, masu launi, suna ƙiftawa tare da riset. Shirme ne, amma shirme mai tsayuwa, ba ya gudu sama ko gefe. Ke nan sashen haɗa hoto da ROM biyun zane na 5E da 5F suna aiki, abin da ke cikin RAM tun kunnawa kawai suke nunawa tunda ba wanda ya share shi.

Manhajar tana cikin ROM huɗu, 6E, 6F, 6H da 6J, kowanne kilobait 4. Na danna kowanne da yatsa injin na kunne. A kan 6E shirmen ya canza kama. Na kashe, na ɗaga shi a hankali ta gefe biyu. Ƙafafun sun yi baƙi, soket ɗin kuma irin mai kama ƙafa ta gefe guda ne, ya saki. Na karanta huɗun a na'urar karanta ROM, na gwada da lambobin tantancewa da masu aikin MAME, manhajar kwaikwayon tsoffin injinan wasa, suka tattara. Duk sun yi daidai. Abin lura ga mai karantawa ko mai ƙona sabo: waɗannan tsarin ƙafafun 2532 ne, ba 2732 ba. Girmansu ɗaya, ƙafa 24 kowanne, amma wasu ƙafafun aikinsu ya bambanta.

Ayisoshin ba su da laifi, mazauninsu ne. Na canza soket huɗun da na Z80. Cire soket daga bod mai fuska biyu aikin haƙuri ne, ramin da aka ja da ƙarfi yakan fito da rufin cikinsa, sai a wayi gari da sabuwar matsalar da ba a gani. Bayan kowane soket na bi ƙafafunsa da mita har maƙwabtansu. Ƙananan bod biyun da ke hawa a 6D da 5S su ma na ciro su, na goge ƙafafunsu, na mayar na ɗaure.

Asabar, 29 ga Maris

Riset ya hau ya zauna. Shirmen ya share kansa, launuka suka bi allon, sai rubutu ya tsaya: BAD V RAM-0. Wannan ci gaba ne babba, domin Z80 ce da kanta take magana, ta karanta manhaja daidai har ta kai ga gwada RAM.

RAM shida ne a layi na 4, duka 2114. Kowane yana riƙe gurbi 1,024 mai bit 4, don haka bibbiyu suke aiki su cika bit 8: 4K da 4N na haruffan allo, 4L da 4P na launi, 4M da 4R na lissafin wasan. Saƙon yana nuna 4K. 2114 dama da ɗuminsa yake aiki, amma wannan ya fi 'yan uwansa zafi ƙwarai. Duk da haka na fara bin hanyoyinsa da mita, domin gwajin ba ya bambance ayisi matacce da hanyar da ta yanke a kan zuwa gare shi. Hanyoyin lafiya. Na yanke ƙafafunsa ɗaya ɗaya, na zare kowace da dalma, na sa soket, na sa sabo. Daga cikin ayisoshin lissafi da ke kan bod ɗin, shi kaɗai ne ya zuwa yanzu ya tabbata matacce.

Na kunna makunnin gwaji da ke cikin ƙofar kuɗi: MEMORY OK, da saitin rayuka da na kyautar maki a ƙasa. Kowane motsin sandar wasa da kowane maɓalli yana ba da sautinsa, sai hagu da ke yi wani lokaci yana ƙi. Da na kashe makunnin, layukan raga suka fito, sannan dodanni huɗu suka jero da sunayensu. Na sa makunnai na 1 da na 2 a kunne don wasa ba kuɗi, na danna farawa. Kiɗan ya fito, muryoyi ukun duka.

Asabar, 5 ga Afrilu

Tashi daban, zama daban. Na rufe ƙofar baya na bar shi yana aiki don ciki ya yi zafi kamar yadda zai yi a amfani. Da ya ɗumama sosai sai ya yi riset da kansa ana tsakiyar nunin gwaji, ya tashi, can kuma ya sake. Na maƙala mita a layin bolt 5 na bi bod ina ƙwanƙwasawa da bayan buroshi. Kusa da faifan sanyaya lambar ta nutse ta dawo. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙafar babbar rizistar om 4 da ke gefen taransistar wuta tana da tsaga zagaye da dalmarta, siririya kamar gashi. Da sanyi tana taɓawa, da zafi tana buɗewa. Na tsotse tsohuwar dalmar na zuba sabuwa, na yi wa ƙafafun taransistar haka, na sake man da ke tsakaninta da faifan. Tun daga nan ya wuni a kunne ƙofa a rufe bai motsa ba. Na taɓa sabuwar kanektar bayan na kashe, ɗumi kaɗan, ba zafi. Faɗuwar wuta daga bakin taransifoma zuwa dayod, da kaya a kai, ta koma 'yar ƙanƙanuwa. Wannan awon zan riƙa maimaitawa lokaci lokaci.

Makunnin hagu na sanda irin mai ganyen ƙarfe biyu ne. Na zura 'yar takarda mai kauri tsakaninsu na ja, na ɗan gyara tazarar, ya daina ƙi. Robar da ke mayar da sanda tsakiya ta tsage, tana cikin oda.

Hoton bai gama ba. Ja ya yi rauni, dodo ja yana fitowa kamar ruwan ƙasa, kuma ƙara masa ƙarfi daga bod ɗin wuya yana sa shi jan wutsiya a gefe. Kafin in ɗora wa bindigar ja ta cikin kwalba laifi zan musanya taransistar ja da ta kore a bod ɗin wuyan in ga ko raunin zai bi ta. Idan bai bi ba, sai na'urar gwada kwalba. Kusurwar sama ta dama kuma akwai ɗan shunin da bai kamata ba, wanda nake zaton maganaɗisu ne ya kama, zan duba ko wayar da ke zagaye da kwalbar, mai goge maganaɗisu, tana samun wuta lokacin kunnawa. Fitilar goshi na jiran sitata da kwai, ƙofar baya na jiran sabon katako don ta riƙa danna makunninta da kanta, injin karɓar kuɗi na dama kuma yana riƙe abin da aka jefa masa. Da ja zan fara.